Malam Nasidi, Mai Tace Saƙonnin Babban Dodo

Da an sallame sallar asuba, Malam Nasidi ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Sai ya turo babur ɗinsa ta lungunan Kwarbai, ya ɓullo Babban Dodo, ya buɗe wani ɗan shago da ke bayan kantin magani. Ba wani abin kallo a ciki: kwamfuta guda, layin waya guda, da fanka mai ƙara. Amma ta wannan kwamfutar imel ɗin mutane da yawa a Zariya yake shiga yana fita, daga malaman jami'a na unguwar Kongo zuwa 'yan kasuwa masu hulɗa da Jidda, har da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a waje. Wata ƙungiyar malamai ce ta kafa wurin, ta damƙa masa.

Layin wayar ba shi da sauri, ga shi kuma duniya ta koyi turo tarkace: tallar magani, tallar caca, alkawuran arzikin dare ɗaya. In aka bar su, sai su toshe hanya, saƙon gaske ya kwana a waje. Don haka Nasidi ya tsara wa kwamfutar ƙa'idoji, ta riƙa duba adireshin mai aikowa da wasu kalmomi, ta ware na banza gefe. Rariya yake kiran abin. Bai taɓa sakin jiki da ita ba kuwa. Kullum sai ya bi kanun abin da ta kama, a tsaye, shayinsa na hucewa, don kada ta haɗa da saƙon wani bawan Allah. Yau ya matse ta, gobe ya sassauta, jibi 'yan tallar su sauya salo ya sake sabon lale. Matarsa Ramatu ta ce ko tuwo yake ci, ƙafarsa na rawa.

A daminar bara ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Wata safiya saƙonnin da aka aika suka fara dawowa, ɗaya bayan ɗaya. Masu tsaron imel a ƙasashen waje sun sa shagon Babban Dodo cikin waɗanda ba a karɓar saƙonsu, wai wasiƙun damfara na fitowa daga wurin.

Yana cikin wannan sai ga Sista Edna, ma'aikaciyar jinya daga Wusasa. 'Yarta Salomi na da ciwon zuciya tun haihuwa. Wata ƙungiyar agaji a waje ta yarda a yi mata aiki, da sharaɗin sakamakon gwaji ya isa kafin makon ya ƙare, in ba haka ba a ba wa wani yaro gurbin.

"Malam Nasidi, sun amsa?"

"Sista, saƙon bai ma isa ba. Ya dawo."

Ta dafa tebur. "To yanzu ya zan yi?"

"Ba ni lokaci zuwa la'asar," in ji shi.

Ya kwafe saƙon a faifai, ya naɗe shi a leda saboda ruwa, ya kulle shago, ya hau motar Kaduna. A ofishin wani abokinsa ya aika, bai tashi ba sai da ya tabbatar ya tafi. Ya dawo a jiƙe, ya wuce shago kai tsaye, don yana sane ba zai riƙa kai saƙon dukan gari Kaduna da ƙafa ba.

Ya shiga bincike. Da fari ya zaci wasu ne daga nesa suka sami ƙofar kwamfutar a buɗe suna bi ta ciki. Akwai wannan ɗin, ya kuwa toshe. Amma wasiƙun damfarar ba daga nesa suke ba. Daga adireshin Jumare suke fita, ɗan Gwaggo Kulu, wadda ta riƙe Nasidi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Da hannunsa ya buɗe wa Jumare adireshin, da ya ce zai fara fataucin citta.

Ya kira Jumare shago. Mai kantin magani ya ji yadda suka yi, shi ya ba ni labari.

"Yaya, Turawa ne fa," in ji Jumare yana dariya. "Wa na cuta a garin nan?"

"Akwai yarinya a Wusasa da ta kusa rasa aikin zuciya saboda kai."

"Ni ban san ta ba."

"Ni na san ta. Na rufe adireshinka."

Dariyar ta ɗauke. "Inna za ta ji wannan."

"Ni zan fara gaya mata."

Ya je ya gaya mata, a durƙushe. Gwaggo Kulu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Nasidi, ashe na'ura ta fi maka ɗan'uwanka." Ta juya masa baya.

Ya koma shago da wannan maganar a ƙirji, ya ci gaba da aiki. Ya juya rariyar ta riƙa tace abin da ke fita kamar yadda take tace mai shigowa, ya ƙayyade yawan saƙon da mutum ɗaya zai iya turawa a lokaci guda. Sannan ya dinga rubuta wa masu tsaron nan ta adireshin abokinsa, yana bayyana abin da ya gyara. Wasu ba su amsa ba. Wani ya amsa da cewa duk wanda ya rubuto daga Najeriya haka yake faɗa. Nasidi ya zaga shagon, ya sha ruwa, ya rubuta masa: "Kada ka yarda da ni. Gwada ƙofar da kanka." Mutumin ya gwada, ya same ta a rufe. Bayan 'yan kwanaki hanya ta buɗe. Cikin saƙonnin farko da suka shigo har da na ƙungiyar agajin: an ba Salomi gurbi. Yanzu tana aji uku, tana tsalle da igiya.

Malam Nasidi, kai ne mai gadin ƙofar da ba wanda yake gani. Wanda saƙonsa ya iso ba ya tambayar wa ya share masa hanya, sai ran da ya makara ake neman mai laifi, kai kuma ba ka taɓa ɓuya ba. Sirrin gidaje da yawa ya bi ta hannunka, ba mu ji ko ɗaya a bakin kasuwa ba.

Ƙarshen watan nan zai bar kujerar, don likita ya ce idanunsa ba za su ƙara jure hasken kwamfuta ba. Ya koyar da Malama Hajara ta Tukur-Tukur, ita za ta riƙe rariyar. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya ba idanun nan lafiya. Ku da aka ba amanar wani ƙaramin wuri, ofis ne ko shago, ku dubi mutumin nan ku yi koyi.

Har yau, duk Juma'a bayan masallaci, yakan je gidan Gwaggo Kulu ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta fara amsawa ba tukuna. Ku taya shi addu'a Allah ya sanyaya zuciyarta.