Neman Baba Malam a Ƙauyen Alu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Gyaɗi-Gyaɗi, mu uku, ko ruwan shayi ban kurɓa ba. Wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke fitar da ni gida ciki babu komai ba. Ƙauyen Alu muka nufa. Na san za ku ce daga nan zuwa can ma har tafiya ce? To ni dai na sha zuwa Legas a mota, ban taɓa jin tsoron da na ji a 'yar wannan hanyar ba.

Ga abin da ya fitar da mu. Muna da wani ɗan zauren hira a waya, na masu wasan cike gurbin kalmomin Turanci da ke fitowa kowace safiya. Gida-gida ne, baƙi da fari, shi ya sa muke ce masa dara. Kowace tambaya da tarkonta: rabi ma'anar kalmar ce, rabi dabara, ko a hargitsa haruffa, ko a ɓoye kalmar a cikin wasu. Ƙarami ne, mai kai zai gama kafin shayinsa ya huce. Ni kuwa sai in kai azahar a shagona na fotokwafi ina zufa a kan tambaya ɗaya.

Babbanmu wani tsohon malamin Turanci ne da ya yi ritaya, muna ce masa Baba Malam. Shi ya kafa mana doka. Wanda ya gama, alamar babban yatsa kawai zai turo. Ba a tattauna amsa sai kowa ya gama, kuma ba a kiran wanda bai gama ba, domin an taɓa kiransa aka yi suɓutar baki, ya daɗe yana fushi. Idan tambaya ta cije masa, wayar yake kashewa gaba ɗaya. Da yamma sai ya dawo ya warware mana ita dalla-dalla, yana yi yana zolayarmu.

Ranar da yatsansa bai fito ba, dariya muka yi, muka ce yau an kama gwani. Washegari ma shiru, wani har ya ja kunne cewa kada wanda ya kira shi ya ɓata masa wasa. Sai da yamma wata malamar firamare da ke cikinmu, 'yar kudu ce haifaffiyar Kano, ta karya dokar. Wayar a kashe. Ta kira ni ta ce, "Yallaɓai, mutumin nan ko Kaduna ya je wurin 'yarsa, daga cikin mota yake turo yatsan nan." Matarsa ta rasu, shi kaɗai ne a gida, kuma duk zumuncinmu babu wanda ya taɓa taka ƙofarsa. Sunan unguwar kawai muka sani. Muka yanke shawarar mu je nemansa da asuba.

Malamar ce ta biyu a tafiyar, na ukun wani mai kemis ne maƙwabcina. An kwana ana ruwa, kwatoci sun cika sun tumbatsa. Mai adaidaita ya ninka kuɗin, wai ga tsadar mai ga ruwa. Ni da nake taya tumatir har mai shi ya rantse, ko tayi ban yi ba na shige. Muka wuce gadar Dangi gari bai gama wayewa ba. Masu ƙosai sun fara hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya fi wutar yawa, manyan motoci suna watsa wa masu babur ruwan taɓo suna wucewa abinsu.

Wajen Unguwar Gano ruwa ya shiga injin, adaidaita ta yi tari ta mutu. Muka naɗe wando muka tura. Muna turawa mai kemis yana lissafa mana abin da ke kayar da tsoho: hawan jini, ciwon suga, zuciya, santsin banɗaki. Na ce, "Malam, don girman Allah ka tura da hannu, ka bar bakin ya huta." Da muka koma ciki malama ta buɗe darar ranar, wai ko za ta ɗauke mana hankali. Ta karanta tambayar farko, mai sauƙi ce ma, irin ta hargitsa haruffa. Ni dai haruffan rawa suke yi a idona, sai ta mayar da wayar jaka.

Muna shiga Ƙauyen Alu, a lungun farko, muka tarar da tabarmi a ƙofar wani gida, maza sun yi jugum. Innalillahi! Mai kemis ne ya yi ta maza ya tambaya, aka ce wata tsohuwa ce ta rasu. Ban san lokacin da "Alhamdulillahi" ta fito daga bakina ba, a gaban masu makoki. Na yi ta'aziyya kaina a ƙasa, muka bar wurin da sauri.

Neman gidan ya ba mu wuya. Unguwar cike take da baƙi, direbobi da leburori masu fita tun duhu, sunansa bai ce wa kowa komai ba. Sai a teburin wani mai shayi malama ta bar suna ta koma kwatance: dogon tsoho mai tabarau, kullum da takarda da biro. Mai shayi ya ce, "Au! Tsohon nan mai zana gida-gida da rula? Ai mu mun ɗauka hatimi yake rubutawa." Ashe saboda raunin ido, kwafe darar yake daga waya zuwa takarda. Ya nuna mana gidan, ya ƙara da cewa ai ya yi tafiya, da bakinsa ya ce makon nan zai je Kaduna, shi ya sa da ba a gan shi a masallaci ba kowa ya bar zancen. Na ji sanyi a raina, har ƙamshin ƙwai da burodi ya fara kirana.

Sanyin bai kai ko'ina ba. Babu kwaɗo a ƙofar, sakata ce ta ciki. Muka yi sallama, muka buga, shiru. Ba zan ɓoye muku ba, kara hancina na yi a jikin ƙyauren ina shinshinawa, ina roƙon Allah kada in ji abin da nake tsoro. Ba a haura gidan mutum haka kawai, sai da aka kira liman ya ba da izini, sannan wani direba maƙwabcinsa ya kama katanga. Muka tsaya muna jiran muryarsa. Malama tana addu'a irin tasu, ni ina tawa.

"Da ransa!" in ji direban. "Ku zo, da ransa!"

A tsakar ɗaki muka same shi, kusa da sallaya, ɓarin dama ba ya motsi, baki ya karkace. Butar alwala ce kusa da hannunsa na hagu, ruwanta yake ta kurɓa. Wayar tana kan kujera a kashe. Shi ya kashe ta da kansa, domin tambaya ta cije masa da gaske, kafin jikin ya kayar da shi. Ya gane mu ko da bai taɓa ganin wasunmu ba, hawaye suka zubo masa.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma irin wannan ciwo da lokaci yake tsere. Zai rayu in Allah Ya yarda, amma game da hannun bai ba mu tabbas ba. 'Yarsa ta iso bayan la'asar, ta durƙusa ta yi mana godiya har muka ji kunya. Sannan ta share ido ta dube ni ta ce, "Ku kaɗai kuka san ya yi shiru tun ranar farko. Me ya hana ku kira?" Ba da faɗa ta yi tambayar ba, so take ta sani. Na buɗe baki in ce dokar wasa ce, na kasa.

Da magariba muka dawo Gyaɗi-Gyaɗi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne: in mutum ya saba yi maka motsi kullum, ran da ya yi shiru ka neme shi, in ya so ya yi fushi. Ka kuma san ƙofar wanda kake kira naka. Mun soke dokar, yanzu kowa ya san gidan kowa. Magana ta fara dawo wa Baba Malam, yana jin tambaya in an karanta masa, wani lokacin ma ya riga mu amsa. Sai dai wani ne ke riƙe masa biro.