Sumana Mai Burgu da Damin Jan Ƙyalle

Ga ta nan, ga ta nanku. Na san takarda ce tsakaninmu, ba zan ji amsarku ba, amma ku ce mini ta zo mu ji ta ko a zuci ne, don bakina ba ya buɗewa sai an amsa. Sai dai ku sani, wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin yana nan da ransa a Harobanda, ƙetaren kogi, kuma in kun je da hantsi za ku tarar da shi a inuwa yana faɗan an bar awaki da ƙishirwa.

Sunansa Sumana, Bazabarme ne, sana'arsa yankan burgu. Ga wanda bai zauna Yamai ba, burgu ciyawa ce mai zaƙi da ke tsirowa cikin kogin Isa, dabba in ta same ta ba ta kallon wata. Shekara arba'in da ɗoriya, da an sallame sallar asuba Sumana zai naɗe wando, ya ɗauki lauje, ya shiga ruwa har iya ƙirji. Ya yanka, ya fito da ita, ya ɗaure dami-dami, ya ɗora wa jaki, ya hau gada ya shigo gari. Kafin azahar ya zagaye gidajen masu kiwo, ya san kowace tunkiya da halinta. Bana gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya rataye laujen. Ba a yi masa taro ba, ba a ba shi takardar yabo ba. Shi ya sa na ce bari ni in yi masa tawa.

Ni Bagobira ce, 'yar Tsibiri, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da Zabarmawa: wasa ne tun kakanni, ba a gaisawa sai da tsokana. Aure ya kawo ni Yamai wurin wani soja, Kaporal Isaka. Tsufa ne ya sa yau nake iya kama sunan nan. Abu biyu na zo da su daga gida da nake ji da su: gadon ƙarfe mai rumfa, da jar akuya irin ta Maraɗi, kyautar innata. Muka zauna a Talaje, ɗaki biyu da ɗan fili.

Ranar da Sumana ya fara yin sallama a ƙofarmu, ya dubi zanen fuskata ya yi dariya.

"A'a, Bagobira ce? To madalla, yau na tsinci baiwa."

Na ce, "Bawa dai ya zo gaida uwargijiyarsa. Sauke ciyawar, ka bar surutu."

Haka muka fara, haka muke har yau.

Daminar 1984 ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Soja ke mulki a lokacin, kuma matar soja ta fi kowa sanin ba a tambaya. Wata rana maigida ya dawo ya zauna bakin gado bai kwance takalmi ba. Ya ce an tura su Ngurti, can ƙuryar gabas cikin rairayi, rabon hatsi ga makiyayan da dabbobinsu suka ƙare. Na ce sai yaushe? Ya ce sai ran da aka ce su dawo. Ina da ciki wata bakwai.

Na haihu cikin sanyi. Maƙwabta da liman suka yi suna, aka sa wa yarinyar Halimatu. 'Yar fari ce, ku yi haƙuri in daga nan na koma cewa yarinyar. Wasiƙa biyu kacal na samu a duk shekarar, kowace da rairayi a cikin ninkinta. Tana wata huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, na tashi nono ya ƙafe ƙaf. Madarar gari da aka ba mu a likita ta ƙi cikinta, sai gudawa, har idanunta suka faɗa. Unguwarzomar wurin, wata dattijuwa, ta ce, "Kina da akuya mai shayarwa? Ki tatsa, ki tafasa, ki sirka da dafaffen ruwa, ki ba ta da cokali." Allah da ikonsa, akuyar ta haifi 'yar akuya sati biyu kafin nan. Sai muka yi rabo: nono ɗaya na 'yarta, ɗaya na tawa.

To kun ga yadda abin ya tsaya. Ran yarinya yana jikin akuya, ran akuya yana jikin ciyawa, ciyawa kuwa a shekarar nan sai a hannun Sumana.

Ban roƙe shi komai ba. Ya shigo ne ya ga ina ɗura wa yarinyar madara da cokali, ya tsaya bai yi wasan da ya saba ba. Washegari cikin kayan jakinsa akwai dami ɗaya da aka ɗaure da jan ƙyalle. Daga ranar, ko me ya samu, ko kaɗan ko da yawa, mafi ɗanyen ciki shi ke shan jan ƙyallen nan, kuma ba ya sauka ko'ina sai gidanmu.

Wata maƙwabciyata ta gani da idonta a bakin gada. Mota ta tsaya, wani mai kula da dawakin wani babba ya fito ya ce zai kwashe kayan jakin duka. A zamanin nan in an ce maka na babba ne, sai ka ce to. Sumana ya ce a kwashi komai ban da mai ƙyalle. Mutumin ya ɗaga murya, ya ce ko bai san dawakin wa za su ci ba? Sumana ya ce, "Ranka ya daɗe, doki in ya kwana da yunwa gobe zai tashi. Wannan kuwa abincin jaririya ne, ubanta yana Ngurti yana ba talakawa hatsi. In ka ce in sauke, sai in sauke, amma da hannunka za ka kwance ƙyallen, ni ba zan iya ba." Mutumin ya juya ya shiga motarsa. Ko da wasa Sumana bai taɓa ba ni labarin nan ba.

Bazara ta yi nisa, kogi ya yi ta ja da baya har ya tsaya cak. Wanda bai gani ba zai ce ƙari nake yi: mutane suna taka tsakiyar Isa da ƙafa. Burgu ya ƙare a Harobanda. Sumana ya koma bin kwarin kogin, tafiyar rabin yini, yana neman kududdufan da suka rage. In bai samu ba ya hau gawo ya kakkaɓo 'ya'yansa, ya bi lambuna ya tsinto ganye. Damin ya ƙanƙance har ya koma kamar matashin kai, amma bai yi fashi ba.

A nan ne na yi wautar da har gobe yake mini gori da ita. Ana ba iyalan soja dawar taimako, ja, mai tauri. Na dubi akuyar nan ta rame, na ce wadda ke ciyar da 'yata ai ta fi ni cancanta. Na jiƙa kwano guda cur na ajiye mata da safe. Ta cinye tas, ni kuwa ina ta murna. Kafin la'asar cikinta ya kumbura kamar ganga, ta kwanta tana nishi, ta ƙi tashi. Na ɗora hannu a ka. Ranar Sumana ya yi nisa, sai da rana ta karkata ya iso. Ya dubi akuya, ya dubi kwano.

"Bagobira! Wa ya ce miki akuya baƙuwa ce da za ki yi mata tuwo? Kawo kanwa. Kawo man gyaɗa. Yi sauri, kuka na baya ne."

Ya jiƙa kanwa ya ɗura mata, ya bi da mai. Ya tashe ta tsaye, ya ɗora ƙafafunta na gaba a kan turmi, yana murza cikin da tafin hannu. Sa'an nan ya sa mata igiya ya yi ta zagaya fili da ita, in ta durƙusa ya ɗaga ta. Ni ina rungume da yarinyar ina karanta duk abin da na sani. Can sai akuya ta yi wata gyatsa da maƙwabta suka ji ta bayan katanga. Sumana ya share zufa ya ce, "Kin ji? Da Gobiranci ta gode miki." Ina hawaye ina dariya. Kwana biyu nonon ya ja baya, muka lallaɓa da ruwan koko, a na uku ya dawo.

Kai ne, Sumana, ka koya mini dabba ba ta son gata, tana son abin da ta saba a lokacin da ta saba. Na yi renon 'ya'ya shida da wannan karatun. Na bakin ruwa, mai jan ƙyalle, da ka yi fashi sati ɗaya a bazarar nan, da labarin da nake bayarwa yau wani ne daban.

Ruwa ya sauka, kogi ya dawo, gari ya yi kore. Bayan an yi girbi, wata safiya na ji sallama da muryar da na sani. Wani baƙin mutum siriri ne tsaye da jaka, sai da ya yi murmushi na yarda maigidana ne. Ya miƙa wa yarinyar hannu, ta callara ƙara ta rarrafa ta ruƙunƙume ƙafar akuya. Ya tsuguna a tsakar gida da kakinsa, ya yi ta kallonsu su biyu. Ya ce a Ngurti ya ga gawar dabbobi har ya daina ƙirgawa, bai zaci zai tarar da mai rai a gidansa ba. Kwana uku yana tatsar akuyar da kansa yana ba yarinyar da cokali, kafin ta yarda ta hau cinyarsa.

Ko sati uku ba a yi ba takarda ta fito: an mai da shi Damagaram. Kamiyo ɗaya, wato babbar motar kaya, aka ba iyali huɗu, kowa da ɗan gurbinsa. Direban, wani Yakuba, ya zo ya duba kayanmu ya ce, "Madam, ko gado ko akuya, gurbinku ba zai ɗauki biyu ba. Kuma tafiyar kwana uku ce, me za ta ci a hanya?" Yarinyar ba ta kai yaye ba. Gadon na san zan iya bari, ko da zuciyata na ciwo. Abincin hanya ne ya tsaya mini a rai, da na makonnin farko a garin da ban san kowa ba, ga shi na riga na ga abin da sauyin ci ke yi wa akuya.

Da safen tafiya sai ga Sumana da jakinsa da matarsa Fati. Suka sauke wasu abubuwa kamar igiyoyi masu kauri. Busasshen burgu ne, an kitse shi tamau kamar gashin amarya, don ya ci wuri kaɗan kuma kada ya karye. Kitso ashirin da huɗu, kowane da ɗan jan ƙyalle a bakinsa. Fati ta ce tun da kogi ya dawo yake shanya shi a kan rufin ɗaki, ita ke kitsawa.

Na ce, "Wa ya gaya maka za a tashe mu? Mu kanmu ba mu sani ba."

Ya ce, "Shekara nawa ina shiga gidajen soja? Ban taɓa ganin wanda ya dawo daga nesa aka bar shi ya zauna ba. Kitso ɗaya kwana biyu, ki jiƙa shi tukuna. Ki riƙa haɗa mata da ciyawar can kaɗan-kaɗan har ta saba. Kuma don Allah, Bagobira, ban da tuwo."

Maigida ya ƙame ya sara masa, irin yadda ake sara wa hafsa. Sumana ya rasa inda zai sa kansa, ya hau gyaran igiyar jaki. Na ce wa Fati gadon nata ne, 'yar akuyar kuma ta zauna wurinsu, tunda ta isa cin ciyawa. Sumana ya ce shi ke nan, dama kayan baiwa na ubangijinta ne. Na ce a'a, sadaka ce na ba bawana don ya daina kwana a tabarma. Da wannan muka rabu, kowa yana dariya yana juya fuska.

Na gode, Sumana. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma 'ya'yana masu karanta wannan, kowace irin sana'a kuke yi, ku duba cikin masu zuwa wurinku, akwai wanda abin hannunku shi ne ransa. Ku ware masa nasa tun da safe, ku sa masa alama, kada ku jira ya roƙa.

Akuyar ta kai Damagaram lafiya, ta shayar da yarinyar har yaye, ta mutu da tsufa a hannuna. Maigida ya gama aiki da galar sarjan a kafaɗa, muka dawo Talaje, yana nan yana sauraron rediyo yana gardama da ita. Yarinyar unguwarzoma ce a Maraɗi, 'ya'yanta biyar. Fati tana nan, gadon ma yana nan, a kansa ta haifi 'ya'yanta bakwai. Sumana kuwa yana Harobanda, laujensa a rataye, da jajayen awaki goma sha ɗaya a gidansa, dukansu jikokin waccan 'yar akuyar da na bari.