Luba da Makiyayin da Ta Ƙi Kashewa

Shekara uku ke nan da rasuwar matata Luba. Da damina ta rasu, kuma har yau idan hadari ya haɗo a kan Yelwa sai ta faɗo mini a rai. Da yawa daga masu karanta wannan shafi ba su san ta ba. Waɗanda suka san ta ma, galibi ba fuskarta suka sani ba, labaranta suka sani, domin ta yi shekaru tana rubuta labaran soyayya tana sakawa a zaurukan karatu na mata a waya.

Malamar firamare ce, ɗiyar masunta daga Wara. Ni kuwa a ruga aka haife ni, cikin dajin Shanga, karatu ne ya kawo ni gari, aikina yi wa dabbobi allura. A jirgin ruwa na fara ganin ta wata ranar kasuwa, tana riƙe da wani tsohon littafin Turanci da ta saya wurin masu baza littattafai a ƙasa. A bangonsa akwai wani Bature da faffaɗar hula bisa doki, ga shanu a bayansa. Ta kama ni ina leƙe, sai ta juyo mini da bangon.

"Wanga ma ɗan'uwanka ne, makiyayi ne," in ji ta. "Amma shi 'yan matan ƙasarsu mafarkinshi suke yi."

Ta yi ta yi mini dariya har muka isa gaɓa. Ba mu cika shekara ba aka ɗaura mana aure.

Bayan haihuwar 'yarmu ta fari, Jamila, ta fara rubutu, kuma duk jarumin da ta ƙirƙira makiyayi ne. Ta karanta irin littattafan nan na Turawa da yawa, tana son su, tana kuma faɗa da su. Takan ce makiyayin cikinsu mai ƙasa ne: gonarsa ce, shingensa ne, hukuma tana bayansa, kuma a ƙarshe yarinyar birni ce take ajiye aikinta ta bi shi. Nata makiyayin ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Yakan dawo daga mashekari, inda ya kai shanu cin rani, ya tarar an nome burtalin da kakansa ya bi, an kewaye mashaya. Ba ta kuma wanke shi tas ba. A labaranta shanu sukan shiga gonar mutane, manomi ya yi kuka na gaskiya, jarumin ya tsaya gaban mai gari kansa a ƙasa. Matan da take rubutawa kuwa ba sa barin sana'arsu don aure. Mai bandar kifi takan ci gaba da bandarta, ko da mijin bai iya cin kifin ba.

Na taɓa tsokanar ta, na ce soyayya take rubutawa ko siyasa.

Ta ce, "Baban Jamila, in na zaɓi wanda yarinya za ta so, ai na gaya wa mata dubu wanda ya isa a so. Ina siyasar da ta wuce wannan?"

Ba zan ce mace ce mai sauƙi ba. Tana da kafiya, bakinta kuma da kaifi. Idan rubutu ya kama ta, tuwo yakan ƙone a tukunya tana zaune kusa da murhu ba ta ji ƙauri ba. Amma gidanmu cike yake da dariya a waɗannan shekaru.

Labarinta na ƙarshe a kan wani makiyayi ne da ta sa wa suna Ja'e, da wata mai sayar da kifi, Tani. Shi ya fi kowanne karɓuwa. Mata sukan tare ni a kasuwa, ni da ban rubuta ko harafi ba, su ce in roƙe ta kada ta raba su. Har da tsofaffin da ba su iya karatu ba, jikokinsu ke karanta musu.

Ana cikin haka ne abubuwa suka lalace a yankinmu. An daɗe ana jin labarin satar shanu da ɗaukar mutane daga nesa, sai ga shi ya iso ƙofar gida. Ranar da aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri, garin nan ya zama kamar gidan makoki, kuma ya daɗe a haka. Kowa ya san wani da abin ya shafa. Daga nan kallon da ake yi wa mai kama da ni ya sauya. Na ajiye malfata, na daina riƙe sanda ko da zan shiga garke. Mutanen da na yi wa awakinsu magani shekara da shekaru sukan yi shiru idan na iso majalisa. Ban zarge su ba. Tsoro ne, ni ma ina cikinsa.

Wata biyu ko uku bayan haka muka tafi suna a Wara. Ina waje tare da maza, don haka ban ga abin da ya faru a cikin gida ba, Luba ce ta ba ni labari a hanyar dawowa. Akwai wata Hajiya Talatu, aminiyar innar Luba, ita ce ta goyi Luba tana ƙarama. Tana cikin tsofaffin da ake karanta wa labarin Ja'e, kuma ɗiyar ƙanenta tana cikin yaran da aka tafi da su. A gaban mata ta kira Luba ta zaunar da ita.

"Luba, ke ɗiyata ce, ba ni ɓoye miki. Wanga Ja'e naki, ki kashe shi. Ko ki mai da shi abin da suke. Ba ni iya jin ana yabon mai sanda, yarinyarmu tana daji."

Luba ta ce, "Inna Talatu, mijina ma mai sanda ne."

"Na sani. Shi ya sa na hwaɗa miki a gabanki, ban hwaɗa a bayanki ba."

A mota Luba ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka har Yelwa. Ba haushin tsohuwar ta ji ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, "Tana da gaskiya, kuma ba zan iya ba."

Ta daɗe ba ta rubuta komai ba. Masu karatu suka rabu a kanta. Wasu na roƙon ta ci gaba, wasu na cewa in ta sake sako musu soyayyar ɗan daji za su fice. Da ta dawo rubutu, ba ta kashe Ja'e ba, ba ta kuma ba shi bindiga ba. Sai ta sa aka kore shanun gidansu kaf, aka doke mahaifinsa. Ƙanensa, yaro ɗan lelen gidan wanda masu karatu suka saba da barkwancinsa, shi ne ya shiga daji ya ɗauki bindiga. Ta rubuta ranar da yaron ya shigo ƙauyen su Tani tare da mutanensa, ba ta sassauta komai ba. Ta bar Ja'e ya san inda ƙanensa yake kwana, ya kuma san cewa in ya faɗa, ya ba da jininsa, in ya yi shiru, ya ci amanar matar da yake so.

Wannan babi ya jawo mata fushin kowa. A zauruka aka ce tana nema wa ɓarayi uzuri, wai don tana auren ɗansu. Aka cire ta daga wasu ba ko sallama. Ni kuma nawa dangin, wani ya naɗi karatun labarin a murya ya tura musu. Oro, ɗan baffana, ya yi takakkiya tun daga Shanga ya same ni a gida.

"Matarka ta gama da mu," in ji shi. "Ana kashe mu don an ce mu ɓarayi ne, ita kuma ta rubuta cewa gaskiya ne."

Na tambaye shi ko babu yaranmu a dajin. Ya dube ni, ya tashi ya bar abincin da Luba ta kawo masa bai taɓa ba. Har yau bai sake tako gidana ba.

Na gaya mata ina jin tsoro. Ta ce ita ma tana ji, amma akwai sauran mata kaɗan da ke jiran ta, kuma ba za ta yi musu ƙarya ba. Ta ci gaba a hankali, babi ɗaya bayan dogon lokaci. A tsakanin nan ne ƙafafunta suka fara kumburi. Muka ɗauka gajiyar tsayuwa a aji ce. Da muka je asibiti aka ce ƙoda ce, kuma ta yi nisa. Ba ta yi doguwar jinya ba. Babin ƙarshe da ta saka ya tsaya ne Ja'e ya fito daga gida ya nufi ƙofar mai gari, babu wanda ya san ko zai shiga. Ban tambaye ta yadda zai ƙare ba lokacin da take kwance, don ina ganin za ta tashi.

Hajiya Talatu ta zo gaisuwa ranar uku. Lokacin yarinyarsu ba ta dawo ba tukuna. Ta aiko aka kira ni zaure, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ta kashe shi?"

Na ce a'a.

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Cikin zafi na roƙe ta. Allah ya sani, ni na goye ta." Kuka ya ci ƙarfinta, aka riƙe ta aka mayar da ita cikin gida.

Yanzu Jamila ta zama budurwa, ita ma tana karanta irin labaran nan a waya. Wani lokaci takan nuna mini, kuma a nan ne nake yawan tunanin abin da mahaifiyarta za ta ce. Makiyayi bai ɓace daga labaran soyayya ba, amma a waɗanda na gani kala biyu ya koma. Akwai attajirin da ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo ya buɗe gidan gona mai katanga, shanunsa ba sa fita ko ƙofa, shi kansa bai taɓa taka kashinsu ba. Akwai kuma shugaban 'yan bindiga, kyakkyawa mai zafin rai, wanda ya sace yarinya sannan sonta ya shiryar da shi. Na farkon, na san Luba za ta yi dariya ta ce sai da aka saya masa fili da katanga kafin a yarda a so shi. Na biyun kuwa ba na jin za ta yi dariya. Ta ga idon Hajiya Talatu. Ba za ta yafe wa wanda ya mayar da wannan azaba abin shauƙi ba. Shi kuwa talakan makiyayi, mai bin shanu a ƙasa, wanda ake sace masa dukiya da safe a tsare shi a hanya da yamma, ban ga mai rubuta shi ba yanzu. Ina jin an yanke cewa ba ya sayuwa.

Rugarmu ta Shanga ma babu ita. Bayan an kore abin da ya rage na garkenmu, mahaifiyata da ƙannena suka tashi suka yi yamma, can wajen iyaka. Ɗanmu Sadiƙu, ƙanen Jamila, ya roƙe ni kwanan baya in daina yi masa Fulatanci idan na je ɗaukarsa a makaranta. Na ce to. Da Luba na nan, na san ba to za ta ce ba.

Idan na auna abin da ya saura nata, ba shi da yawa a ido. Zaurukan sun watse, an buɗe wasu. Ba a taɓa buga labaranta a takarda ba. Marubuta sababbi ba su san sunanta ba, kuma ba zan yi da'awar cewa ta sauya zuciyar gari ba, don garin yana nan yadda ta bar shi, wataƙila ma ya ƙara tauri.

Amma a watan jiya aiki ya kai ni wata ruga a ƙasar Ngaski. Bayan na gama allura, wata matashiyar mata ta kawo mini nono a ƙwarya. Da jin maganarta na gane ba a ruga aka haife ta ba. Ta ce ɗiyar manoma ce daga wani ƙauye kusa, auren so suka yi da wani ɗan rugar, kuma tun da abubuwa suka ɓaci mahaifinta bai sake shan ruwan gidanta ba. Ta durƙusa nesa kaɗan ta tambaye ni ko ni ne mijin mai labarin Ja'e. Ta ce tana cikin waɗanda suka bi shi har inda ya tsaya, kuma lokacin da kowa ke ce mata ta yi wauta, a labarin nan kaɗai ta ga an ɗauki irinta mutum mai hankali.

"Malam, ba ta gaya maka yadda zai ƙare ba?"

Na ce ba ta gaya mini ba.

Ta dubi bukkokin, ta dubi hanyar ƙauyensu. Ta ce, "Mu ma nan ba mu san yadda namu zai ƙare ba."

Na shanye nonon, na yi godiya, na hau babur. Sai da na yi nisa da rugar na tsaya a gindin wata ɗorawa, saboda hawaye sun hana ni ganin hanya.

Allah ya ji ƙan Luba, ya haskaka makwancinta. Ya mayar da 'ya'yan mutane da ke daji gaban iyayensu, na gari da na ruga.