Karkataccen Mumbarin Babana

Assalamu alaikum Edita da 'yan'uwa masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya zama in rubuta ta. Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina zaune a unguwar Nima inda aka haife ni, kaina kuwa ya kumbura da ilimin kwamfuta. Na koyi aiki da manhajar da ake gina siffar abu a cikinta, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, a juya shi ta ko'ina kamar yana tafin hannu. Wani shagon kayan ɗaki a Kokomlemle nake zana wa kujeru da gadaje. Babana kafinta ne, Allah ya jiƙansa, ya rasu shekara biyu kafin nan. Ina ƙaunarsa, amma in faɗi gaskiya aikinsa raina shi nake yi. Mutumin da ke awo da taƙi da yatsu, tef ɗin awo yana rataye a wuyansa don ado kawai, me zai nuna wa mai awo da milimita?

Shi ya yi mumbarin masallacin Juma'ar unguwarmu tun ina goye, mai matakai uku da katakon dafawa a gefe. Da gara ta cinye shi, dattawan masallaci suka kira ni suka ce tunda aikin mahaifina ne, in fitar musu da irinsa sak. Kafin a fitar da tsohon na ɗauki hotonsa uku, ta gaba da ta gefe da ta sama. Na ja baya sosai, na daidaita wayar, na jingina ma'auni a jikinsa don kada girman ya ɓace mini. Washegari aka farfasa shi aka ba mai dafa wake da shinkafa ta bakin lungu ta yi makamashi.

Irin waɗannan hotuna su muke kira hotunan jagora. Za ka ɗora kowanne a ɓangarensa cikin manhajar, ka daidaita girmansa da ainihin awo, ka dusashe shi kaɗan, ka kulle shi don kada ya motsa, sannan ka bi shi da layi. Da na fara bi sai na ga abin dariya. Ko mataki ɗaya bai miƙe ba. Na farko ya yi ƙasa ainun, kowanne kuma gefen damansa ya ɗara na hagu tudu da kamar yatsu biyu, an lilliƙa masa siraran faci, kowanne da launinsa. Katakon dafawa ya sunkuya, ginshiƙinsa duk ramukan tsofaffin ƙusoshi. Kunya ta kama ni a madadin babana. Na ce wa kaina ai kyamarar waya ce ke lanƙwasa abu, alhali na san da kyau na ɗauka. Na kashe hotunan, na gina rabi ɗaya miƙaƙƙe, na sa manhajar ta kwafo mini ɗaya rabin kamar a madubi. Dattawa suka ga yana juyawa a fuskar kwamfuta suka yi ta kabbara, ni kuwa ina ta hura hanci.

Wanda zai yanka katakon wani tsohon abokin aikin babana ne a Alajo, Kawu muke ce masa. Ya daɗe yana kallon takardar awon, sannan ya ɗago ya ce, “Ɗana, wannan kwamfuta naka, ya san ƙafan Malam?” Na yi dariya tun bai rufe baki ba, na ce masa dattawa sun riga sun amince, shi dai ya yanka abin da ke rubuce. Ya ce to, ya yanka.

Malam shi ne limaminmu, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, ƙafarsa ta dama kuma ta gaza ta hagu tsawo tun wani haɗarin mota da ya yi yana saurayi. Duk da haka ban taɓa ganin an riƙe shi ya hau mumbari ba. Ranar Juma'ar da aka kafa sabon ina sahun gaba cikin sabuwar riga, ina jiran yabo. Malam ya zo, ya ɗaga ƙafa daidai yadda ya saba ɗagawa shekara da shekaru, sai yatsunsa suka daki bakin matakin. Ya miƙa hannu inda ya san katakon dafawa yake, ya kama iska. Ya faɗi a kan gwiwa, rawaninsa ya warware, sandarsa ta bugi abin magana, lasifika ta kai ƙarar har bakin titi.

Nan ne babban laifina yake. Dama akwai masu raɗe-raɗin cewa Malam ya tsufa, ya kamata ya huta na'ibi ya karɓa. Faɗuwar ta ba su baki. Kowa na cewa ga mumbari sabo fil, miƙaƙƙe kamar na Makka, amma tsoho ya kasa hawa. Juma'a uku na'ibi na huɗuba, dattawa har sun sa ranar da za su je su lallashi Malam ya ajiye. Ni kuwa maganar Kawu na cina a rai, amma na yi gum, don yabon ya yi mini daɗi.

Mahaifiyata ce ta matsa mini in je in duba shi. Na same shi a zaure da gwiwa a naɗe. Ko kaɗan bai zargi mumbarin ba, cewa ya yi tsufa ne ya zo, kuma ya gode wa Allah. Sai ya shiga ba ni labarin babana yana murmushi. Ya ce ranar da babana zai yi tsohon mumbarin, garin katako ya barbaɗa a ƙasa, ya sa shi ya taka ya wuce sau uku, ya tsuguna yana auna sawun da yatsu. Ya ce daga nan duk bayan 'yan shekaru sai ya gan shi da guduma bayan la'asar, babana ya ce ya lura tafiyar Malam ta sake, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can ya tafi. Ya ƙara da cewa tun da babana ya rasu babu wanda ya sake kallon yadda yake tafiya.

Daga zauren Malam, shago na wuce, na kunna hotunan da na kashe, na ƙara girmansu. Jama'a, ban taɓa jin abin da na ji ba. Tudun daman nan ashe cikon gajeriyar ƙafar ne. Facin da na ɗauka talauci ne na ƙirga biyar a mataki ɗaya, kowanne da shekarar da aka sa shi. Ramukan ƙusa huɗu ne, kowanne ƙasa da na samansa, wato yadda bayan Malam ke ranƙwafawa haka babana ke sauko masa da abin dafawa. Tsufan mutum guda ne rubuce a jikin katako, wanda ya rubuta kuwa ko ajin farko na boko bai shiga ba. Na zauna ina kallo ina ta subhanallah, hawaye na zuba, ina mamakin irin idon da Allah ya ba mutumin da na yi shekara ashirin da biyar ina cin tuwo da shi ban san shi ba.

Na je gaban dattawa na faɗi abin da na yi, na nuna musu hotunan, na roƙe su su dakata da zuwa wajen Malam. Wani ya ce lallai na yi wauta, ban musa ba. Na koma na bi hoton layi bayan layi, duk inda ya karkata na karkata. Sannan ni da Kawu muka ɗauki buhun garin katako muka je zauren Malam, don shekara biyu sun wuce ba a duba sawunsa ba. Kawu ya auna da yatsu, ni na rubuta, ya sake yanka katako bisa sabon zanen, muka ƙara faci na shida.

Juma'ar da ta biyo baya aka kafa wanda muka sake yi. Malam ya taka na farko, ya taka na biyu, hannunsa ya sauka a kan katakon ba tare da lalube ba. Ya ɗan tsaya a nan kafin ya ƙarasa. Bayan salla ya riƙe hannuna ya ce ƙafarsa ta gane aikin, ya yi wa babana addu'a. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya ƙara yana huɗuba kafin Allah ya karɓi abinsa, amma gwiwar nan ba ta daina damunsa ba, kuma ni na jawo masa.

Don haka 'yan'uwana masu wannan sana'a, in kun ɗora hoton jagora kuka ga abu a karkace, kada ku yi saurin miƙar da shi. Ku tashi daga gaban kwamfuta ku tambayi wanda aka yi abin dominsa, in dattijo ya fara magana kuma ku bari ya kai ƙarshe. Manhajar ta ba ni awon komai daidai, ba ta faɗa mini don wa aka yi ba. Hotunan nan uku suna nan a wayata, su kaɗai suka rage daga aikin babana, kuma da hannuna na taɓa kashe su.