Jirgin Dakta da Kabarin Maigidana

Katako yana da tarihi, maigidana kuwa ko dutse babu a kansa. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan, kuma ba zan ba kowa haƙuri don na faɗa ba.

A Giza ta ƙasar Masar nake aikin shara da wanke-wanke, gidan wani tsohon likita Bamasare. A falonsa akwai ɗan jirgin ruwa cikin akwatin gilashi, kwaikwayon wani jirgin yaƙin Ingila na zamanin da, irin wanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Kullum sai na goge masa ƙura. Ran nan Dakta ya tarar ina harhaɗa baƙaƙen da ke jikin akwatin, don da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Daɗi ya kama shi. Ya zaunar da ni ya shiga zayyanowa: garin da aka sassaƙa jirgin, bindigogin da aka ɗora masa, karonsa da Faransawa a bakin tekun Masar, yadda ya tsufa aka mai da shi rumbun ajiya, har inda aka farfasa shi aka sayar da itacen.

Na ce, "Dakta, har inda ya mutu an sani?"

Ya ce, "Tamam, an sani sarai, ya Hajja! Turawa ba sa yar da komai."

"To, katako ya yi sa'a."

Ya yi dariya. Ni na shige kicin na buɗe famfo, kada ya ji kukana.

Maigidana ya fito da mu daga Khartum harsashi na yawo a kanmu, ya zo ya cika a ɗakin haya a unguwar Ard al-Liwa, nan Giza. Mu mata ba ma bin gawa. Haka na taso na gani, haka na zauna kan tabarma ina karɓar gaisuwa. Maza suka kai shi makabartar sadaka, inda ake haɗa baƙi a ɗaki guda ƙarƙashin ƙasa. Da na tambayi wurin, sai aka ce, "Ma'alish, yi haƙuri, addu'a ko daga ina tana isa." Na sani, ba yau aka haife ni ba. Amma waɗanda suka ɗauke shi sun watse, wasu Libiya, wasu sun koma Sudan. Saura amininsa ɗaya, tela a unguwar Ainu Shams, shi ma an ce ya fara ɗaure kaya.

Washegarin hirar jirgin nan ban je aiki ba. Na hau jirgin ƙasa na metro, na sami telan yana cusa yadi a buhu. Na ce, "Malam, ajiye wannan. Yalla, maza sa takalminka, ka nuna mini ƙofar da kuka shigar da shi."