Sanatan Baba Jethro

Duk wanda ya shiga falon Baba Jethro a Sabon Tasha, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa duwatsu. Suna nan jere cikin kabat mai gilashi, wadda matan zumuntar coci suka haɗa wa matarsa, Mama Eunice, don ta sa kwanuka. Kwanukan suna ƙarƙashin gado, kuma maganar ba ta mutu ba.

Baba Jethro mutumin Zonkwa ne. A kan tirela ya ƙare ƙarfinsa, yana dakon siminti daga Ashaka da Sakkwato. Wata rana a bakin wurin fasa dutse ya nemi abin da zai yi wa taya waigi, sai hannunsa ya faɗa kan wani dutse da ya nannaɗe kamar ƙahon rago, da layi-layi a jikinsa kamar an zana da wuƙa. Wani injiniya da ke wucewa ya ce masa ai wannan halittar teku ce, ta mutu tun kafin a yi mutum, ta zama dutse, don da can duk wurin nan ruwa ne. Jethro ya dubi busasshen dajin, ya dubi injiniya, ya ce a ransa ruwan Nuhu ke nan, boko ne kawai ya ƙara masa shekaru. Ya sa dutsen a gaban mota, taya kuwa ya nemo mata wani.

Daga nan ciwon ya kama shi. Direbobi na komawa gida da albasa da kilishi, shi yana komawa da haƙorin kifi da ya zama dutse, da katantanwa mai nauyin guduma. Mama Eunice takan zazzage buhun ta ce, "Sannu da hanya, Baban Harrison. Yau ma miyar dutse za mu sha?"

A zamanin soja kowane dutse da muƙaminsa. Akwai Kofur, akwai Manjo, akwai Kanar, na farkon nan mai ƙahon rago kuwa shi ne Janar. Ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Baba Jethro ya yi nasa bikin a gidan da suke haya a Tudun Wada. Ya wanke duwatsun tas da tsohon buroshin haƙori, Kofur ya zama Kansila, Kanar ya zama Ciyaman, Janar ya zama Sanata. Maƙwabcinsa Malam Shehu tela ya leƙo ta taga.

"Direba, ai su ne dai. Riga kawai ka canja musu."

"To kai da kake ɗinka rigunan, me ya dame ka?"

Shekara da shekaru suna musu a kan komai, daga ƙwallo har wanda zai shiga aljanna. Ruwan Annabi Nuhu ne kaɗai ba su taɓa yin musu a kansa ba. Har aron Sanata Malam Shehu kan yi, ya danne yadi da shi kada fanka ta kwashe.

Sai abin da ya faru a Fabrairun shekarar dubu biyu ya faru, rikicin nan na addini a Kaduna. Har yanzu a Sabon Tasha ba a cika kiran sunansa ba, "lokacin nan" ake cewa, a sauke murya. Malam Shehu ne ya ɓoye Jethro da iyalinsa a shagonsa, bayan tulin yadi. Da gari ya ɗan lafa ya sa wa Jethro babbar rigarsa da hula, ya raka su har inda sojoji suke. Mama Eunice ta ɗauki takardun yara, Baba Jethro ya ɗauki bokitin duwatsu an rufe da zane. Sai da suka haye gada zuwa Sabon Tasha ya buɗe bokitin, ya ga babu Sanata. Yana can kan teburin tela.

A kabat ɗin Sabon Tasha, a tsakiyar layin sama, ya bar masa gurbi. Baƙo ya tambaya, sai ya ce Sanata na Abuja, yana zaman majalisa. A yi dariya, shi ma ya yi. Amma mutumin da ya tuƙa tirela daga Maiduguri zuwa Fatakwal ya kasa shiga bas ta haye gadar Kaduna. Ya sha gwadawa. Da zarar ya hango ruwan sai ya buga jikin mota ya ce a sauke shi, ya manta wani abu a gida. Kwandastoci har sun san shi.

Mama Eunice kuwa ta daɗe da komawa babbar kasuwa sayen zare. Wata Juma'a ta dawo, ta ajiye jaka ta ce, "Na haɗu da Binta matar Malam Shehu. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bayan Sallah, ba ya ɗinki."

Baba Jethro ya shiga goge Ciyaman, wanda ba shi da ƙura ko kaɗan.

"Ke nan za su iya yar mini da dutse," ya ce. "Mata ba su san darajar abu ba."

"Haka ne. Gara ka yi sauri ka ceto shi."

Washegari da hantsi ya ɗauki jakar buhu ya shiga bas. Da aka zo gada kwandasta ya juyo ya ce, "Baba, yau me aka manta?" Ya rufe ido, ya riƙe kujerar gaba, yana jera sunayen duwatsunsa a zuci daga Kansila zuwa sama. Kafin ya kai Sanata an haye.

Ya tarar da Malam Shehu kan tabarma a zaure, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Suka dubi juna. Gaisuwar da Jethro ya shirya tun daga Sabon Tasha ta tsere masa.

"Direba," in ji Malam Shehu a hankali, "ina rigata?"

"Ina Sanatana?"

"Ka ji ɗan Zonkwa. Mutum na kwance, shi dutse ya zo dubawa."

Dutsen kuwa na nan gefen matashi, kan wani tsabtataccen ƙyalle. Jethro ya ɗauka ya juya shi. Layukan ɓari ɗaya sun soma sulɓi, suna ƙyalli. Wa ya goge masa Sanata da yashi?

Kafin ya buɗe baki aka kira sallar azahar. Malam Shehu ya miƙo hannunsa mai lafiya.

"Ba ni nan. Alwala ta fi ƙarfina yanzu, ruwa na tayar mini da ciwon. Taimama nake yi."

Ya ɗora tafinsa a kan dutsen, ya shafi fuskarsa, ya sake ɗorawa, ya kamo shanyayyen hannun ya shafe shi. Ya yi sallarsa a zaune. Baba Jethro ya cire hula ya jira, jakar buhu a cinyarsa.

Da Malam Shehu ya sallame ya ce, "Na tambayi liman ko ya halatta da katantanwa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ko kakan katantanwa ne, yanzu dai dutse ne. Binta ta kawo mini wasu, duk kaushi gare su. Naka ne ya san hannuna. Amma kayanka ne, ɗauki abinka."

Baba Jethro ya sake duban ɓarin da ya yi sulɓi. Shekaru nawa dutsen nan ya yi a ƙasa layinsa bai goge ba, ga shi tela ya cinye shi da tafin hannu. Ya mayar da shi kan ƙyallen, ya naɗe jakar ya cusa a aljihu.

"Tun da aka zaɓe shi, yau na fara ganin Sanata ya yi wa talaka aiki. Ya zauna. Amma aro ne, ka ji? Kuma ba a wanke shi da omo. Duk Asabar zan zo in duba shi."

"Ka zo da rigata."

"Ta yi mini daidai."

Da ya koma gida da jaka wayam, Mama Eunice ta dubi jakar. Ta jawo kwanonta mafi kyau daga ƙarƙashin gado, ta ɗora a gurbin Sanata. Baba Jethro ya sauke shi, ya ce kujerar tana da mai ita. Sannan ya nemo buroshin haƙorin nan ya sa a aljihun rigar da zai sa ranar Asabar.