Mutumin da Ya Hana Ni Murɗa Wuyan Autana

Shekara talatin da biyu, kullum shi yake fara isa ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibitin unguwarmu. Zai goge teburin ƙarfen nan, ya murza tafukansa su yi ɗumi kafin ya taɓa mutum, sannan ya fara fama da mu mata kan cire ɗan kunne. Mai Hoto muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Masu shara sun shaida bai taɓa daka wa mara lafiya tsawa ba. Ni kuwa tawa shaidar, har yau ban gama gane ta ba.

Autana magini ne. Ya faɗo daga tsani, ya tashi da ƙafarsa, sai dai ya tallabe haɓa da hannu biyu. Na ce wuya ne ya sanƙare, kawo in murɗa maka. Matarsa ta ce a fara zuwa asibiti. Na bi su ina mita.

Hoto ya fito, babu karaya. Na ɗebo man zafi a jaka, na nufi wuyan.

"Iya, mayar da hannunki," in ji Mai Hoto.

"Ba kai ka ce bai karye ba?"

"Bai karye ba."

"To lafiyarsa lau ke nan."

"Ban ce ba."

"Ɗan nan, zaɓi ɗaya mana, kaina ya ɗaure."

"Naki a ɗaure yake, Iya. Nasa nake ji wa tsoro."

Ya kafa wa yaron abin tallafe wuya, ya aika a kira likita, sannan ya zana mini ƙashin wuya a bayan ambulan ɗin da ake saka hoto. Wai ƙashin wuya na biyu yana da ɗan turke, daga turken wasu gajerun igiyoyi biyu sun kama gindin ƙoƙon kai, dama da hagu, su ke hana kai juyawa ya wuce iyaka. Igiyar ba ta fitowa a hotonsa. Turken kawai ya gani ya ɗan karkace. In ɗaya ta yage aka murɗa, lakar da ke bayanta na iya tafiya, mutum ya kwanta ke nan.

Na ce, "Abin da ba ka gani ba, yaya ka san ya yage?"

Ya ce, "Ban sani ba. Shi ya sa ba za a taɓa ba."

Babban hoton da likita ya sa aka yi ya nuna igiya ɗaya ta yage.

Mai Hoto, kai ne mai ganin abin da hoto ya ɓoye. Kai ne ka tsaya tsakanin hannuna da ɗana, ba ka kuma kunyata ni gaban surukata ba. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Ku na baya, ku koyi cewa "ban sani ba" irin tasa.

Ambulan ɗin na nan a akwatina. Jikata ta ce a juye nake riƙe shi. Ko ma yaya ne, jiya na kira auta daga ƙofa, ya waiwayo.